Tankar Yaƙi Mai Tsawon Yatsa

Da zarar an yanke dawa a ƙasar Daura aka zube kara a bakin gonaki, to masana'antar ƙera motoci ta yaran Kongolam ta buɗe ke nan. Kayan aikin ba su sauya ba tun muna yara: tsohuwar reza, totuwar kara a madadin katako, ɓawonsa a fere ya zama ƙusa, taya kuwa a yanko ta daga tsinkakken silifa. Samfurin motar ne ya sauya. Mu gingimari muke yi mai bodin katako, irin wadda mahaifina ya yi shekaru yana ja daga Kano, ya biyo ta Kazaure da Daura, ya tsallaka iyaka a nan ya nufi Matamaye da Damagaram. Yaran yanzu Hilux suke yi, su dasa mata sillen kara a baya a matsayin bindiga, wani har ya goga mata ɗanyen ganye da toka don ta yi dabbare-dabbare irin fentin soja. Ba na jin daɗin dalilin da ya sa wannan motar ce ta fi zama a idonsu. Amma ni malamin zanen fasaha ne, hannun da ya yi aikin nake fara dubawa, kuma hannun yana da kyau.

Yawancin iyayen yaran nan ba su san cewa akwai ƙasashen da wannan wasa bai tsaya ga yara ba. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan, sai ka tarar da dattijo da furfurarsa, likita ko injiniya ko tsohon direban jirgi, ya ware ɗaki guda a gidansa ya shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tasha da gada da gidaje da itatuwa, jirgin yana zagayawa da wutar lantarkin da ke bi ta ƙarafan layin. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirgin wasa mai layin da ake harhaɗawa tun 1891 a baje kolin Leipzig. A Amurka masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu, NMRA, a 1935, domin a daidaita awon layi da na taya, yadda taragon wannan kamfani zai hau layin wancan ba gardama. A Hambog kuwa wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe Miniatur Wunderland a 2001. Tsawon ƙaramin layin da ke cikin ginin ya haura kilomita 16, mutane kuma kuɗi suke biya su shiga kallo.

A cikin masu wannan harka akwai waɗanda ba kan jirgin ne ya dame su ba, lodin da ke kan tarago shi ne abin sonsu, musamman motocin soja: tankar yaƙi, motar sulke, igwa, motar ɗaukar dakaru. Su ne suka fi burge ni, kuma ina da dalili. Rufaffen tarago yana rufa wa maƙerinsa asiri, ko babu komai a ciki ba mai sani. Shimfiɗaɗɗen tarago marar bango ba ya rufa asirin kowa. Duk abin da ka ɗora masa a fili yake, da yadda ka ɗaure shi, da inda nauyinsa ya faɗa.

Aikin gaba ɗaya a kan lamba ɗaya ya tsaya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, wato a raba kowane awo na gaske gida 87. Faɗin layin dogo na zamani, daga ƙarfe zuwa ƙarfe, milimita 1,435 ne. Raba shi 87, ka sami milimita 16.5, kuma shi ne faɗin ƙaramin layin da ake sayarwa. Mutum mai tsawon mita 1.74 ya koma santimita 2. Kwantena mai ƙafa 40 ta koma santimita 14. Hilux mai ƙofa huɗu, wadda tsawonta ya ɗan wuce mita 5, ta koma santimita 6. Tankar T-72, irin wadda sojojin Najeriya ke da ita, jikinta ban da bakin igwa ya kusa mita 7, faɗinta kuma mita 3.5 da 'yar ɗoriya. A tebur sai ta zama santimita 8 a tsawo, 4 a faɗi. Tsawon yatsa ke nan.

A nan motar kara take da rauni, ba a kayan aiki ba. Yaro abin da ya fi burge shi yake girmamawa. Shi ya sa za ka ga taya ta fi ƙofa girma, bindiga ta fi motar tsawo, direba kuma ba zai iya shiga ta tagar da aka yi masa ba. Ranar da na fara shiga aji da rula da lambar 87, wani yaro ɗan aji biyu ya auna tayar motarsa, ya ninka, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ashe tayata ta fi ɗakin babanmu tsawo." Darasin rabo da ninki da aka yi zango guda ana fama da shi a kan allo, a wannan minti ya shige shi.

Su ma masu kuɗin sayen na kanti ba su tsira daga wannan tarko ba. Ƙananan motocin soja da kamfanoni ke yi, yawancinsu a ma'aunin 1:35 ko 1:72 suke, jiragen kuwa a 1:87, ko 1:76 na Ingila, ko 1:160 ga mai ƙaramin ɗaki. Ka ɗauki tanka 'yar 1:72 ka aza a taragon 1:87, ta fi ƙarfinsa da kashi ɗaya cikin biyar, kuma ido yana ganewa ko da baki bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba. Wannan giɓin ne kamfanin Roco na Ostiriya ya cike tun wajen 1960 da jerin motocin soja da ya kira Minitanks, duk a 1:87.

Nauyi kuma da nasa lissafin, kuma ya fi ban mamaki. Tunda tsawo da faɗi da tsayi kowanne an raba shi 87, nauyi sai a raba shi 87 sau 87 sau 87, wato 658,503. Tanka mai tan 42 ta dawo giram 64 kacal. Saboda haka tankar ƙarfe da ake sayar wa yara ba ta dace da tarago ba: nauyin yana sama, da an shiga kwana sai jirgi ya kife. Ana son lodi ya yi sauƙi, nauyin ya koma ƙarƙashin daɓen taragon. Bisa shawarar NMRA, taragon HO mai tsawon santimita 20 ya kamata ya kai wajen giram 140, shi da lodinsa. Mu nan guntayen ƙarfe muke samu a wajen masu walda, mu manna a ƙasa tsakanin tayoyi inda ido ba ya kaiwa.

Sai ɗauri, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne mutumin Kongolam ya fi Bature da yawa sa'a, don shi a littafi yake karantawa, mu kuwa a bakin titi muka tashi muna gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin manyan motocin da ke jiran kwastan ya san cewa lodi ba a aza shi kawai a tafi. Mahaifina ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya ja kowace igiya da hannunsa, kuma yaron motarsa ya san waigi ne farkon abin da ake sauka da shi, shi ne ƙarshen abin da ake ɗauka. Lodin jirgi ma haka yake, sai dai ya fi tsanani. Idan aka haɗa taragu ko aka taka birki, fizgar gaba da baya take zuwa da ƙarfi. A kwana kuma lodi gefe yake son zamewa. Don haka ake kafa waigi a gaba da bayan taya ko sarƙar tafiyar tanka, na katako ko na ƙarfe, a kafe shi a daɓe. Sannan a kawo sarƙoƙi daga ƙugiyoyin da aka yi wa motar musamman don haka, gaba da baya, a gicciya su: ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, a ɗaure su tamau da abin matsewa. Sarƙar da ta yi laƙo-laƙo ba ta riƙe komai ba, a babban jirgi ko a ƙarami. Wanda ya ga yadda ake tsare bijimi a tirela ranar kasuwar Mai'aduwa, a hana shi gaba a hana shi baya, ya riga ya fahimci rabin karatun.

Akwai kuma abubuwan da ake yi wa ita motar kafin ta hau. Tanka a kan tarago ba a shirin yaƙi take ba. Yawanci ana juya hasumiyarta bakin igwa ya kalli baya, a kulle ta don kada ta waiga a hanya ta daki turken sigina ko jirgin da ke wucewa a layin kusa. Ana cire eriya da ƙananan bindigogin da ke sama, a rufe duk ƙofofi, a naɗe madubai, a rufa wa abin da ruwa ko ƙura za su ɓata tamfol. Saboda haka idan ka ga an ƙera tarago ɗauke da tanka, soja ya leƙo ta sama yana riƙe da bindiga, eriya tana tsaye ƙiƙam, to maƙerin fim ya kalla, bai kalli lodi ba. Haka nan tazarar da ke tsakanin mota da mota, da wurin da aka tsayar da ita: mai nauyi ɗaya tilo a tsakiyar tarago take zama, idan biyu ne kowace ta zauna a kan rukunin tayoyinta.

Yadda suke hawa ma abin a nuna ne. Ba kullum ake samun kuren da zai ɗaga tanka ba. Sai a yi gangare a ƙarshen layi, a sa faranta na ƙarfe tsakanin tarago da tarago, motoci su hau ta baya su yi ta tafiya a kan taragun ɗaya bayan ɗaya har ta farko ta kai gaba, wani soja yana tafe a gabanta yana ba direba hannu. Masu yawon wasan dabbobi na Amurka ne suka shahara da wannan dabara tun shekarun 1870, sojoji suka ɗauka. Mai tebur ɗan ƙarami zai iya ƙera wannan wurin kaɗai, gangare da taragu uku da ɗan mutum mai santimita 2 ya ɗaga hannu, ya ishi kallo.

Tarihin yaƙi cike yake da rigimar tanka da layin dogo, kuma kowace rigima ta haifar da samfurin da ake ƙerawa a yau. Tankar Tiger ta Jamus, da ta fito a 1942, ta yi wa layin dogon Turai faɗi, har sai da aka yi mata sarƙar tafiya iri biyu: ta fagen fama mai faɗin milimita 725, da ta hawa jirgi mai 520. Kafin kowace tafiya sai ma'aikatanta sun kwance waccan sun ɗaura wannan, sun cire tayoyin waje, a isa kuma a sake mayarwa. Masu ƙira da suka san aikinsu sukan sa mata siririyar, su shimfiɗa faffaɗar a kan taragon ƙarƙashin cikinta. A Ingila matsalar tsayi ce: gadojinsu da ramukan jirginsu gajeru ne, tankar Sherman ta Amurka kuma doguwa ce, sai suka ƙera taragon Warwell mai lotsattsen tsakiya don ta ɗan nutse. Amurka a yau tana da taragu masu gatari 6 da ke ɗaukar tankar Abrams biyu, kowace ta haura tan 60. Darasin mai ƙira a nan shi ne ya ƙirga tayoyin taragonsa kafin ya aza masa kaya. Babbar tanka a kan ɗan tarago mai taya huɗu ƙarya ce da ko yaron mota zai kama.

To mu fa, wane jirgi za mu ƙera? Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, Daura kuwa bai taɓa leƙo ta ba. Wancan tsohon layi siriri ne, milimita 1,067. Shi ya kwashi samarin Arewa zuwa Legas a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka tafi Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wanda yake son ƙera wancan zamani yana da hanya biyu: ko ya tsaya a 1:87 ya nemi layi mai milimita 12, ko ya koma 1:64 ya yi amfani da layin 16.5 da ya fi sauƙin samu, kamar yadda ake yi a Niyu Zilan da Ostireliya, inda su ma suke da siririn layi irin namu. Kuma ya kula da zamani. Motocin sulke na Ferret da Saladin su ne na shekarun 1960. Tankar VT-4, da ta iso daga Sin a 2020, ba ta da abin yi a bayan kan jirgi mai cin kwal.

A wannan yanki namu dai manyan kayan soja a titin mota muka san su, a bayan tirela. Ko da sojojin Faransa suka tattara nasu ya nasu daga Nijar a ƙarshen 2023, ta mota suka ratsa gabashin ƙasar zuwa Chadi, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, don babu layin dogon da zai ɗauke musu. Amma layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, mai tsawon wajen kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya aka tsara shi. Bai biyo ta Kongolam ba, mun kuma yi gunaguninmu mun gama. Abin da ya shafi wannan zance shi ne faɗinsa 1,435 ne. Wato layin dogo na farko da ɗan Daura zai taka da ƙafarsa shi ne daidai wanda ma'aunin HO ya dace da shi ba ragi ba ƙari.

Kayan aiki kuwa ba sai an yi odar su da dala ba. Motar sulke ta Ezugwu, wadda masana'antar ƙera kayan soja ta DICON da ke Kaduna ta fito da ita a Disambar 2019, jikinta faranta ne miƙaƙƙu masu kusurwa, kwali mai kauri ko gwangwanin madara da aka buɗe aka daddale ya ishe ta. Tsinken ashana kaurinsa wajen milimita 2 ne, a ma'auninmu ya zama katako mai santimita 17, daidai waigi ke nan idan aka yanka shi a karkace. Tsinken sakace ya yi bakin igwa. Tamfol kuwa, takardar goge hannu ce a jiƙa ta da gam da aka tsinka da ruwa, a lulluɓa, a bar ta ta bushe da ƙudurinta, sannan a shafa fenti. Sarƙa ce ta fi wuya. Ta wuya da ake sayarwa a tire, ko mafi sirantarta, yawanci ta yi kauri. Masu ƙira a waje suna neman mai zobe 40 a inci guda. Dabarar da ta fi mana ita ce a fere tsohuwar wayar caja, a zaro silin jan ƙarfe biyu, a murɗa su tare, a ɗan daddaka da guduma a hankali, a baƙanta. Daga nisan hannu ba ka raba ta da sarƙa.

Fenti mai ƙyalli shi ne abokin gabar wannan aiki. Motar soja ba ta sheƙi, balle wadda ta sha hanya a lokacin hunturu. Ina tankaɗe jar ƙasa da rariyar gari, in ɗiba da busasshen burushi in bi tayoyi da ƙasan jiki da daɓen tarago. Tsatsa kuma ta gaske nake sawa, daga ƙusoshin da aka jiƙa a gwangwani. Sai dai a yi hattara, motar da ake aiki da ita ƙura take yi, ba ruɓewa ba. Taragon ne ya kamata ya fi lodinsa tsufa.

Gargaɗi ɗaya nake yi wa ɗalibaina da babbar murya, kuma ina yi wa mai karatu. Mu a bakin iyaka muke. Kada sha'awar ƙira ta sa wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton ayarin soja, ko shingen bincike, ko ƙofar bariki. Ba wasa ba ne, kuma ba a buƙata. Hotunan faretin soja suna cikin jaridu, kamfanonin da ke ƙera motocin suna wallafa tsawo da faɗinsu. Ɗaurin sarƙa kuwa, katafilar da 'yan kwangila ke ɗaukowa a tirela yadda ake ɗaure tanka ake ɗaure ta. Ka yi wa direban sallama, ka ce, "Baba, don Allah in duba yadda kuka ɗaure ta?" Zai nuna maka har abin da ba ka tambaya ba.

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini bai ga dalilin koya wa yara ƙera kayan yaƙi ba a ƙasar da ta gaji da ƙarar bindiga. Maganarsa tana da nauyi. Amsata ita ce, yaran sun riga sun fara tun kafin su zo hannuna, kuma tankar da nake sa su yi a kulle take, a ɗaure, bakinta na kallon baya. Wanda ya iya aza ta daidai ya iya aza tarakta da taransifoma da buhunan taki, don lissafin guda ne. Kuma masu zana motoci na gaske da ƙaramin samfuri suke farawa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya yi suna da zanen Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, aka kuma ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa a 2017, a wannan fanni ya yi fice.

Tun Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura. Roƙona ga shugabanninta da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure, shi ne a ware ɗaki guda a shimfiɗa tashar jirgin Daura a ma'aunin 1:87, a bar 'yan makaranta su riƙa zuwa suna gani suna taɓawa. A kuma sa gasa duk shekara tsakanin makarantun, kowa ya ƙero tarago da lodinsa da abin da ya samu a garinsu. Sharaɗi ɗaya ya isa: kowane yaro ya zo da takardar da ya yi lissafin awonsa a kai, alƙalai su gwada da rula a gabansa.